Firinta ta ƙi fitar da takarda, maigida yana cire kuɗin gyara a albashina

Assalamu alaikum Malam. Ni budurwa ce, ina aiki a wani shagon buga takardu a Zariya. Kwamfutarmu Windows 10 ce, firintar kuma ƙarama ce ta leza mai fitar da baƙi da fari, da wayar USB aka jona ta. Sai ina tsakiyar aiki, musamman idan an ɗauke wuta mun tayar da janareta, firintar ta yi gum. In yi ta danna "Print" har in gaji, ba abin da ke fitowa. Idan na buɗe layin ayyukan sai in tarar sun taru, in na ce a soke su sai ya rubuta "Deleting" ya tsaya a nan. Ko na kashe kwamfutar na kunna suna nan daram. Kwastomomi su yi tsaki su wuce shagon gaba. Maigidan shagon ya ce hannuna ne, wai kafin in zo ba a haka. Duk sanda aka kira mai gyara, a albashina ake cire kuɗin, shi kuwa cikin minti biyar yake gamawa, kuma ba ya bari in ga abin da yake taɓawa. Da wannan albashin nake tallafa wa mahaifiyata. Ni ce nake lalata ta? Ko dai in haƙura da aikin?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya yi wa nemanki albarka, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar mahaifiya.

Kada ki bar aikinki a kan wannan. Ba ki lalata komai ba, kuma bisa yadda kika kwatanta, ita kanta firintar lafiyarta ƙalau. Na'urar da ta lalace da gaske ba a gyara ta cikin minti biyar ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Abin da mai gyaran yake yi a zaune gaban kwamfuta, ke ma za ki iya, kuma zan faɗa miki shi dalla-dalla. Amma fara da sanin abin da ke faruwa a ciki, domin wanda ya haddace matakai bai san dalilinsu ba, ranar da abu ya ɗan sauya kama sai ya rikice.

Idan kin danna "Print", takardar ba ta zarcewa kai tsaye zuwa firinta. Akwai wata manhaja a cikin Windows da ke aiki a ɓoye, sunanta Print Spooler, ita ce mai kula da layi. Tana karɓar aikin, ta rubuta shi a kan faifan kwamfutar a matsayin fayil biyu: ɗaya yana ƙarewa da .SPL, shi ne ainihin abin da za a buga, ɗayan yana ƙarewa da .SHD, shi ne ke ɗauke da bayanin wanda ya aiko da firintar da za a tura wa. Daga nan sai ta riƙa miƙa wa firinta ɗaya bayan ɗaya. Kamar layin kwanuka ne a wajen mai injin markaɗe: idan dutse ya shiga injin yana kan kwanon farko, duk kwanukan da ke baya sai jira, kuma ƙara jera wasu ba zai fitar da dutsen ba. To, duk dannawar da kike ƙara yi wani kwanon kike ajiyewa a bayan layi. Abu na farko da nake so ki daina ke nan. In kin danna sau ɗaya ba ta motsa ba, ɗauke hannunki ki je ki duba layin.

Wannan ne ya sa kashe kwamfuta ba ya yi miki magani. Fayilolin nan a rubuce suke a kan faifai, da kwamfuta ta tashi sai mai kula da layi ta sake karanta su, ta koma kan gurgun aikin da ya tsayar da ita. Shi kuma "Deleting" da yake maƙalewa, mai kula da layin ce ta riƙe fayil ɗin a buɗe tana jiran firinta ta amsa mata, firintar kuwa tuni ta manta da zancen tun lokacin da wuta ta ɗauke mata.

Kafin ki kai ga share layi, ki ba wa ita firintar minti ɗaya. Dubi fitilarta: koriya ce tsaye, ko mai ruwan lemo ce take ƙyaftawa? Idan tana ƙyaftawa, yawanci takarda ce ta ƙare, ko ta maƙale a ciki, ko murfin bai rufu sosai ba, ko kwalin tona, wato garin tawadar firinta, bai zauna daidai ba. Sai ki buɗe layin ayyukan ta Settings, Devices, Printers & scanners, ki zaɓi firintarku ki danna "Open queue". A saman tagar akwai kalmar "Printer", danna ta. Idan kin ga alamar maki a gefen "Pause Printing" ko "Use Printer Offline", cire ta. Sau da yawa iyakar matsalar ke nan, kuma an sha karɓar kuɗin mutane a kan wannan 'yar dannawar.

Idan duk wannan lafiya lau ne kuma layin bai motsa ba, ga aikin da ake ɓoye miki.

Kashe firintar ta madanninta. A kan kibod, riƙe madannin da ke da tambarin Windows ki danna R. Ƙaramin akwati zai fito, rubuta services.msc ki danna Enter. Jerin sunaye zai bayyana bisa tsarin harufa, gangara har ki ga Print Spooler. Danna ɓangaren dama na maus a kansa, ki zaɓi "Stop". Kada ki rufe wannan tagar. Sake danna Windows da R, wannan karon ki rubuta:

C:\Windows\System32\spool\PRINTERS

Idan ya nemi izini, danna "Continue". A nan za ki ga fayilolin da na gaya miki, masu lambobi da .SPL da .SHD. Goge duk abin da ke cikin foldar. Ki lura da kyau: abin da ke ciki za ki goge, ita foldar PRINTERS ki bar ta, kuma kada ki kusanci maƙwabciyarta mai suna drivers, domin a can direban firintar yake zaune, wato manhajar da kwamfuta ke magana da firinta ta hanyarta. Daga nan koma tagar farko, danna dama a kan Print Spooler, zaɓi "Start". Kunna firinta, jira ta gama ƙugin ɗuminta, sannan ki tura shafi ɗaya tak.

Jerin matakan ne sirrin abin. Idan ba ki tsayar da mai kula da layi ba tukuna, Windows zai ce miki fayil ɗin yana cikin amfani, ba zai gogu ba. Idan kuma kin goge kin manta ba ki tayar da ita ba, firinta za ta ɓace daga jerin firintoci gaba ɗaya, hankalinki ya tashi a banza. Sannan ki sani sharar nan tana kwashe ayyukan duk firintocin da ke jone da wannan kwamfutar, don haka in akwai aikin wani da ba a ajiye ba, a ajiye shi tukuna. Ainihin takardar da ke Word ko PDF ba abin da zai same ta, kwafin da ke layi kawai ake gogewa.

Tunda abin yana yawan faruwa a shagonku, ki sauƙaƙa wa kanki. Buɗe Notepad ki rubuta layukan nan uku yadda suke, ba ragi ba ƙari:

net stop spooler /y
del /Q /F %systemroot%\System32\spool\PRINTERS\*.*
net start spooler

Wajen ajiyewa, ki sauya "Save as type" zuwa "All Files", ki sa masa suna gyara.bat, ki ajiye a fuskar kwamfuta. Duk ranar da layi ya cushe, kashe firinta, danna dama a kan fayil ɗin, zaɓi "Run as administrator". Baƙar taga za ta buɗe ta rufe cikin daƙiƙoƙi, shi ke nan. Ki kula sosai da layi na biyu, ki karanta shi harafi-harafi kafin ki ajiye, domin umarnin gogewa ne, kuma ba ya tambaya.

Yanzu sai tushen matsalar, domin share layi kullum ba tare da an toshe inda ɓarakar take ba wahala ce kawai. Ke da kanki kin ba ni amsar a wasiƙarki: lokacin sauya wuta. Kwamfuta tana kan batir ko UPS, akwatin nan mai riƙe mata wuta idan an ɗauke, ba ta mutu ba, tana tsakiyar tura aiki, firinta kuwa ta mutu ɗif. Rabin aikin ya tafi, rabi ya saura. Ƙananan firintocin leza da suka cika shagunanmu ba su da ƙwaƙwalwa mai yawa, kwamfuta ce ke yi musu kusan duk lissafin shafi ta aiko musu a shirye. HP LaserJet 1020, misali, megabait 2 kacal gare ta, kuma ita da 'yar'uwarta 1018 duk sanda aka kunna su sai kwamfuta ta sake tura musu manhajar da suke aiki da ita. Irin waɗannan idan magana ta yanke tsakaninsu da kwamfuta, ba sa iya ɗorawa daga inda aka tsaya.

Ga kuma cin wuta. A cikin firintar leza akwai wani sashe da ke narkar da garin tona ya manne a takarda, zafinsa yana kai wa kusan digiri 200, shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi. Lokacin da yake ɗaukar zafi yana zuƙar wuta da ƙarfi, watt ɗaruruwa a lokaci guda. Ƙaramin janareta da ke ɗauke da fanka da fotokwafi da cajin wayoyi sai ya durƙusa, wutar ta yi ƙasa, firinta ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, aikin ya gurgunce. Don haka da an ɗauke wuta, kashe firintar ta madanni. A tayar da janareta, a bar shi ya daidaita, sannan ki kunna ta, sannan ki tura aiki. Haka ma idan wuta ta dawo za a mayar. Kada a jona firintar leza a ƙaramin UPS na kwamfuta, ta fi ƙarfinsa, tana iya kashe shi har da kwamfutar. Abin da ya dace da ita sitabilaiza ce mai ɗaukar nauyinta, da soket nata ita kaɗai, ba jonin da aka cika da filogi ba.

Akwai wani tarko da nake zargin kin faɗa, domin kusan kowa yana faɗawa. Idan firinta ta yi shiru, mutum yakan zare wayar USB ya soka a wata kafa. Windows yakan ɗauka wata sabuwar firinta ce aka kawo, sai ya ƙirƙiri ta biyu mai suna iri ɗaya da "Copy 1" a ƙarshe. Ke kina tura aiki ga tsohuwar, wadda hotonta ya dusashe, mai rai kuwa tana gefe ba wanda ya kula ta. Ki duba jerin firintocin. Idan kin ga biyu ko uku masu suna ɗaya, gano wadda ke aiki, ki cire sauran, ki mai da ita ta dindindin da "Set as default". A wannan shafin akwai wani zaɓi, "Let Windows manage my default printer", fara cire masa alama tukuna, domin shi ne ke sauya firinta zuwa wadda aka yi amfani da ita a ƙarshe. Sai ki zaɓi kafa ɗaya ta bayan kwamfuta, ki manna mata ɗan salatif, a san nan ne gidan firinta. Wayar ma ki dube ta. USB irin na firinta ba a so ya wuce mita 5, kuma wadda aka yi wa joni ko ta sha lanƙwasa a ƙarƙashin tebur takan yanke magana tana dawowa. Sabuwar waya ba ta kai kuɗin zuwan mai gyara ba.

Wani lokacin kuma ba wuta ba ce, takardar ce kanta. Silif ɗin JAMB, sakamakon WAEC, takardar NIN da ake bugawa kai tsaye daga shafin intanet, ko hotunan takardu masu nauyi da kwastoma ya turo ta WhatsApp, su ne suka fi shaƙe ƙananan firintoci. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Bayan kin share layi, shiga "Printer properties" ki danna "Print Test Page". Idan shafin gwaji ya fito, to firinta da waya da direba duk sun kuɓuta, laifin na takardar ne. Ki ajiye ta a matsayin PDF tukuna, ki buɗe da Adobe Reader, a tagar bugawa ki shiga "Advanced" ki sa alama a "Print As Image". Zai ɗan yi nawa, amma yana fitar da takardun da suka gagara. Babban aiki kuma, irin furojet ɗin ɗalibai mai shafi ɗari, ki raba shi ashirin-ashirin. In wuta ta ɗauke, asarar kaɗan ce kuma kin san inda kika tsaya.

Idan shafin gwajin ma ya ƙi, ko kin tayar da Print Spooler ta sake mutuwa da kanta, to direba ne ya lalace. Ana cire firintar, a rubuta printui /s /t2 a akwatin nan na Windows da R, a cire direban, a sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Daga shafin kamfanin kawai, ban da shafukan da ke cewa za su gyara miki duk direbobi kyauta, wasunsu ƙwayar cutar kwamfuta suke rabawa. Wannan matakin ki yi shi ranar da ba cunkoso, kuma da sanin maigida.

Maganar cewa hannunki ne, ina so ki cire ta daga zuciyarki. A watan Maris na 2021 Microsoft ta fitar da wani sabuntawa na Windows 10 da ya sa kwamfutoci suka riƙa faɗuwa da shuɗin allo da zarar an tura aiki ga wasu firintocin Kyocera da Ricoh, sai da ta fitar da gyaran gaggawa. A watan Satumba na shekarar, ofisoshi da yawa a duniya suka wayi gari firintocin da suke rabawa tsakanin kwamfutoci sun ƙi aiki, suna nuna lambar kuskure 0x0000011b. Wuraren nan suna da injiniyoyi na musamman da wutar da ba ta ƙiftawa, kuma abin ya same su. Cushewar layin firinta tsohuwar matsala ce da ta girmi zuwanki shagon nan. Idan da gaske a da ba a haka, ki tambaya a hankali me ya sauya: an canja janareta? An ƙara na'ura a kan layin wutar? An sabunta kwamfutar? A nan amsar take.

Saura maigida, kuma wannan ya fi na'urar buƙatar dabara. Tsayar da Print Spooler da goge foldar nan suna buƙatar izinin mai kula da kwamfuta. Idan shi ke riƙe da lambar sirrin, kada ki nemi hanyar zagaye shi. Ko da kwamfutar a buɗe take, kayansa ne, amana ce a hannunki, kuma in kika taɓa a ɓoye wani abu daban ya lalace gobe, ba ki da bakin magana. Ki same shi lokacin da shago ya yi sanyi, ba gaban kwastoma ba, ba kuma ranar biyan albashi ba. Ki ce masa: "Ranka ya daɗe, na yi tambaya a kan matsalar firintar nan, an koya mini abin da ake yi. In ta sake tsayawa, ina neman izini in gwada a gabanka kafin a kira mai gyara." Ba ɗan kasuwar da zai ƙi abin da zai rage masa kashe kuɗi da gudun kwastoma. Gani ya kori ji: in ya ga takarda ta fito a hannun da ya ce ba shi da kyau, ba sai kin yi dogon bayani ba.

Daga yau kuma ki ware shafi a bayan littafin ciniki. Duk sanda ta tsaya, rubuta rana, da lokaci, da ko a kan wutar gari ake ko janareta, da irin takardar da ake bugawa. Bayan mako biyu ko uku za ki ga abin yana bin sauyin wuta sau da ƙafa. Da wannan shafin za ki nemi a sayi sitabilaiza, da shi kuma za ki buɗe zancen albashi.

A kan cire kuɗin, zan faɗa miki gaskiya: ba daidai ba ne. Gyaran kayan aiki nauyin mai kayan ne, sai fa in ma'aikaci ya ɓata da gangan ko da sakaci bayyananne. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ma, a sashe na 5, ta hana mai aiki ya zaftare albashi a matsayin tara yadda ya ga dama, kuma ko asarar da ma'aikaci ya jawo da sakacinsa ce, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Na faɗa miki ne don ki san ba alfarma kike roƙo ba. Amma ban ba ki shawarar ki tunkare shi da doka ba, a ƙaramin shago hakan yakan ƙare da sallama. Ki fara da nuna masa gyaran. Bayan ya gamsu, ki roƙe shi cikin ladabi a daina cirewa, kuma in da hali a duba abin da aka cire a baya. Idan ya ƙi saurare, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, ko wanda ya kawo ki aikin, ko wani dattijo a layin shagunan, ya sa baki. In duk an yi haka ya ci gaba da cin guminki, a lokacin ne za ki fara cigiyar wani wurin kina kan aikinki, kuma yanzu kina da abin da yawancin masu neman irin aikin ba su iya ba.

Shi ma mai gyaran kada ki ɗauke shi abokin gaba, ko ki kushe shi wajen maigida. Za ku buƙace shi ranar da robar jan takarda ta cinye, ko sashen zafin nan ya ƙone, ko takarda ta riƙa fitowa da baƙin layi daga sama har ƙasa. Wannan aikinsa ne, kuma kada ki kwance firinta da kanki, cikinta akwai zafi da wuta mai ƙarfi. Naki shi ne ki rufe ta da ƙyalle idan an tashi, saboda ƙurar hunturu, ki kuma bar rim ɗin takarda a cikin ledarsa da damina, domin takarda mai danshi ita ce ke mannewa ta maƙale.

Akwai abu ɗaya da ba ki tambaya ba, amma yana da nauyi a wurina. Wani lokaci layin yakan warware da kansa, firinta ta hau amayar da duk abin da aka tara, bayan masu takardun sun daɗe da tafiya. A cikinsu akwai takardar NIN ta wani, da bayanin asusun bankin wata, da sakamakon asibiti. Kada ki jefa su cikin kwalin takardun da ake ba masu ƙosai da gyaɗa, kada kuma ki juya bayansu ki yi gwaji da su. Ki yayyaga su ƙanana ko ki ƙone. Idan kwastoma ya fasa jira zai tafi, ki share layin tun yana tsaye, ki goge fayil ɗinsa daga foldar Downloads, ki kuma fita daga WhatsApp ɗinsa in ya shiga a kwamfutarku.

Ki gwada matakan nan. Idan kin share layi, kin gyara zancen wuta da waya, kuma har yanzu tana tsayawa, ki sake rubuto mini da sunan firintar da lambarta kamar yadda aka rubuta a jikinta, da ainihin kalmomin da ke fitowa a ƙarƙashin "Status", da yadda fitilarta take yi a lokacin. Ki gaishe mini da Mama.